Tokar da Muka Ba Kogi Ajiya

Kakata ta wajen uba, wadda kowa a ƙauyenmu yake kira Iya, ba ta taɓa yarda akwai wani abu a duniya mai suna shara ba. In ta ga ka ɗauko kasko za ka bayan gida zubarwa, sai ta tare ka da sandarta ta ce, "Tsaya tukuna, kayan wane ne ka ɗauko?" In ka ce ai ba na kowa ba ne, sai ta sa ka sauke a gabanta, ta bi da tsinke tana tonawa tana gaya maka masu shi. Ni na fi kowa shan wannan tarewa, don ni ne babban jikanta, kuma mijinta na wasa. Takan ce tunda Allah ya haɗa ta da malalacin miji, dole ta koya masa aiki kafin ya kashe ta da yunwa.

Ƙauyen namu yana kan wani tudu ne a tsakiyar fadama, tsakanin Auyo da Haɗeja. A bayansa akwai babban tafki, kuma wata siririyar hanyar ruwa ce ta haɗa tafkin da kogi. Maƙogwaro muke kiranta. In damina ta yi nisa kogi ya cika, ta nan ruwa yake shigowa da kifinsa, in kogi ya janye kuma tafkin ya riƙe mana abin da ya samu har ƙarshen rani. A gefensa muke shuka shinkafa, a nan dabbobi suke sha, a nan ake su in sarkin ruwa ya ba da izini. Rijiyoyinmu ma daga jikinsa suke tsotsa. Duk yaron garin ya san in babu Maƙogwaro babu tafki, in babu tafki kuma ba abin da zai zaunar da mutum a kan wannan tudu.

A ɗakin Iya akwai wani tsohon tulu mai karyayyen baki, a ciki take tara toka. Mai laushin takan tace ta yi ruwan toka na miya da na sabulu, sauran kuma wani marini daga Auyo yakan aiko da jaki a kwashe, ya saka mata da rina zane kyauta. Tukunya in ta fashe ba a jefar da tsingaronta, akwai wata mai ginin tukwane a ƙarshen gari da take daka shi ta cuɗa da sabon yumɓu, don kada tukunya ta tsage a wuta. Hanjin kifi ta soya ta fid da mai, ta murɗa tsumma ta yi lagwani, shi ne fitilarmu. Tana da wata ƙwarya da gyartai ya ɗinke har ɗinkin ya fi ƙwaryar yawa, ina tsokanarta in ce wannan ai sai a yi mata sallah a binne. Abin da ya rage bayan kowa ya karɓi nasa shi ke tafiya juji, kafin ruwan farko kuma a ɗora wa jaki a kai gona.

Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu taru a ƙofar ɗakinta, mu da yaran maƙwabta. Ba ta ɓata itace a wutar hira. Busasshen kashin shanu take haɗawa da ƙodagon goribar da muka gama gwaguya da rana, hayaƙin ya kore mana sauro, ɗumin ya rage mana sanyin da ke tasowa daga fadama. Tana zaune a kan guntuwar tabarma, ƙafafu a miƙe, hannunta bai taɓa zama haka kawai ba, ko tana tufkar igiya da kaba ko tana gyaran wani abu. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Cewa take yi, "To, ga wata nan ta taso, wa zai ba ta masauki?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce ta sauka a wurinmu. Har yau in na ji ƙaurin ƙodago a wuta sai zuciyata ta karye.

Zana ɗaya ce ta raba ƙofar ɗakin Iya da inda mahaifina yake shimfiɗa buzunsa bayan cin abinci. Shi ne ɗanta na fari. Iyayen Iya masu shanu ne da suka zauna wuri ɗaya, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Sunansa Audu, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ko wani Audun ne daban sai ta ce "mai sunan wancan". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In ya zo gaishe ta da safe, yakan durƙusa daga waje, ta amsa daga ciki a taƙaice kamar mai amsa wa baƙo. In tana da saƙo, ni ko mahaifiyata take ba. Ba wai ba ta son sa ba ne. Na sha ganin ta tsaya a bayan zana tana leƙensa in zai shiga jirgi, bakinta yana motsi da addu'a.

Ina ɗan yaro fatake suka fara zuwa garinmu neman bandar kifi, wasu daga Kano, wasu daga wajen Barno. Baba mutum ne mai zafin nema. Shi ya fara gina murhun banda a bakin Maƙogwaro, daidai inda ta rabu da kogi, don nan jirage suke tsayawa. Da aka ga ya samu, sai wasu suka bi, har bakin ruwan ya cika da murahu da rumfuna. Gari ya yi albarka, ba zan ɓoye ba. Wanda bai taɓa ɗaura sabon wando ba ya ɗaura, aka sake rufin masallaci, Baba ya saya wa Iya zanen saƙi mai kyau, ta karɓa ta hannuna ta sa a tukunya ta rufe.

Sai dai wutar banda ba ta mutuwa, kuma tokar da take fitarwa ta fi ƙarfin jakin marini ɗaya. Ga ɓawon kifi, ga fasassun tukwane, ga ruɓaɓɓun tabarmi da tsofaffin kwanduna. Kai su gona aiki ne, kuma kowa hannunsa a cike yake da kifi. Ruwa kuwa ga shi nan a gindin murhu. Saboda haka kowace safiya sai a share wurin tas a tura cikin Maƙogwaro. Fatake suna yabawa, suna cewa duk inda suke zuwa ba su ga wurin banda mai tsabtar namu ba.

A shekarar da aka fara haka ne Iya ta kawo mana wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta kuma ɗan juya fuskarta wajen zana, amma a lokacin na ɗauka hayaƙi take kauce wa.

Ta ce a wani gari na bakin kogi an yi wata mace da ake kira Mai Tsintsiya. Duk ƙasar ba wanda ya kai ta tsabta. Tsakar gidanta ko tuwo ka yar za ka iya ɗauka ka ci. Kullum kafin rana ta fito ta share gida, ta kwashe toka da tsingaro da tsumma da duk abin da ta tara, ta je ta watsa a kogi, ta dawo tana yi wa maƙwabta kallon ƙazamai saboda suna da juji. Ana nan, ran nan da la'asar sai ga wani tsoho ya yi sallama a ƙofarta. Bakin rigarsa yana ɗigar da ruwa, ya goyo wani ƙunshi da ya fi rumbu girma, bayansa har ya lanƙwashe.

A nan Iya takan sauya murya, ta yi ta ƙasa ƙasa kamar ta mai mura. "Baiwar Allah, na kawo miki ajiyarki."

Sai ta koma siririyar murya ta masu yanga. "Ni? Ni ban ba kowa ajiya ba. Kuma ka matsa, kana jiƙa mini ƙofa."

"Ni ne kogi," in ji tsohon. "Kowace safiya kina miƙo mini kaya, ni kuwa ba na cin abin mutane. Hanjin kifi na ci, don wannan nawa ne. Amma toka fa? Ba ni da gona, ba ni da marina. Tsingaro kuma ban iya ginin tukunya ba. Na yi ta riƙe miki ina jiran ki zo ki karɓa, har bayana ya gaji."

Sai ya kwance ƙunshin. Kaya suka yi ta zuba, suka cika tsakar gida, suka cika ɗaki, Mai Tsintsiya ta haye kan jinka da tsintsiyarta a hannu tana ihu. Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba, har wani ya faɗa kan wani. Iya ta bari muka gama, sannan ta ce tsohon ya karkaɗe rigarsa ya ce shi ya tashi daga unguwar nan, maƙwabtaka da mutanen garin ta yi masa nauyi. Da gari ya waye aka fito, ba kogi ba alamarsa, sai yashi, da jirage a zaune a kan busasshiyar ƙasa. Iya ta ce nan tatsuniyar ta tsaya, wanda bai ƙoshi ba ya nemi ƙari a wurin ɓera.

Na ce, "Iya, to me ya sa ba wanda ya gaya wa matar tun farko?"

Ta tona wuta da tsinke. Sai ta ce, "Wataƙila akwai wadda ta gani, mijina, amma ba ta da bakin faɗa."

Daga bayan zana muka ji Baba yana dariya. Washegari na ji yana ce wa mahaifiyata tsohuwar nan Allah ya ba ta baiwar tatsuniya, shi kansa jiya sai da ya saurara. Iyakar abin da ya ɗauka ke nan. Iya kuwa ta yi ta maimaita mana labarin Mai Tsintsiya har ya gundure mu, muna cewa don Allah a sauya mana wata. Ta ba mahaifiyata saƙo, amma matar ɗa ba ta iya kai wa mijinta faɗan uwarsa yadda aka ba ta, kafin ya isa ya zama gaisuwa. Ta je wurin sarkin ruwa, ya saurare ta da ladabi, ya ce, "Haba Iya, ruwan da in ya cika yake ɗauke rumbu da hatsinsa, toka ce za ta gagare shi? In ma akwai magana, ai ɗanki ne babba a wurin. Ki kira shi ki gaya masa." Ta dawo gida ta bar maganar, don abin da ya ce ta yi shi ne kaɗai abin da ba za ta iya ba.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Na girma, aka yi mini aure, na shiga aikin banda tare da Baba. Maƙogwaro ba rana ɗaya ta toshe ba, shi ya sa ba wanda ya tsorata. Da farko jirgi yakan ɗan taɓa ƙasa a bakinta, a sauka a tura. Daga baya yashin da kogi ke kawowa ya riƙa maƙalewa a jikin tsingaro da tsofaffin kwanduna, ciyawar kacalla ta samu toka ta yi kamar an shuka ta. Kowace shekara ruwa yana shiga tafki a makare, yana kuma raguwa, mu kuma muna cewa damina ce ba ta yi kyau ba. Sai wata shekara kogi ya cika fal, muna tsaye muna kallo, ruwan ya zo bakin Maƙogwaro ya yi ta juyi, ya wuce abinsa. Tafkin bai samu komai ba sai ruwan sama. Tun kafin tsakiyar rani ya koma taɓo, shinkafa ta ƙone a tsaye, rijiyoyi suka fara ba da laka.

A cikin ranin nan ne, wata rana da hantsi, muna wurin banda da fatake da manyan gari, sai ga Iya tana tafe da sandarta. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, kuma ba ta taɓa taka wurin ba. Ta ratsa maza ba ta gaida kowa ba, ta tsaya a gaban Baba, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido.

Ta ce, "Audu."

Wani dattijo ya sunkuyar da kai kamar shi aka kunyata. Baba yana riƙe da kwando, ya sake shi ya durƙusa a cikin toka.

"Audu, ka kwashe abin nan daga bakin ruwa. Ka kai gona, ka kai marina, ka kai duk inda za ka kai, amma ka buɗe wa ruwa hanya. Na daɗe ina gaya maka ta bayan zana, ba ka ji ba."

Ya ce, "To, Iya."

Ta juya ta koma gida, ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ba ta fito ko ƙofa ba saboda nauyin abin da ta yi. Baba kuwa tun a ranar ya kashe wutar murhunsa. Ya bi gida gida, duk garin aka fito da fartanya da kwanduna, maza suna haƙa, mata da yara suna kwasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kayan suka samu masu so nan da nan. Manoman tudu suka zo da jakunansu suna rububin baƙar ƙasar da muke fitarwa, geron da aka yi a gonakinsu a shekarar har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Mai ginin tukwane ta tara tsingaron da ya ishe ta har ta mutu. Masu banda suka yi alkawari daga yau toka ta marina ce da gona, kowa ya haƙa rami a bayan murhunsa. Ashe duk shekarun nan abin da ake bukata ke nan, jakuna kaɗan da ɗan haƙuri.

Mun buɗe Maƙogwaro tas kafin ruwan farko. Muka zauna jiran kogi. Amma kogin fadama ba ya zama wuri ɗaya in an takura masa. A shekarar da ya samu ƙofarmu a rufe ya riga ya fasa wata sabuwar hanya can kudu da mu, da damina ta zo kuma sai ya bi ta gaba ɗaya. Tsohuwar hanyarsa ta gaban garinmu ta zama yashi da ɗan ruwan da bai kai gwiwa ba. Muna da hanya a share, mai zurfi, mai kyau, babu abin da zai bi ta.

Fatake ne suka fara daina zuwa. Daga nan masunta suka bi ruwa, wasu Guri, wasu wajen Kafin Hausa wurin dangi. Mu muka shigo Haɗeja, muka samu aron gida a cikin ganuwa. A kan jaki muka ɗauko Iya, tana ta waiwaye har tudun ya ɓace mana. Mijinta da 'ya'yanta da suka rasu duk a can suke kwance, kuma ta sha faɗa cewa a gefensu take so a sa ta.

Ba ta daɗe ba a birni. 'Ya'yana sukan taru a wurinta da yamma ta yi musu tatsuniya, amma ta Mai Tsintsiya ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba. Wata rana ina zaune kusa da ita na ce, "Iya, ai kin gaya mana, mu ne ba mu ji ba."

Ta girgiza kai. "Ban gaya muku ba, mijina. Tatsuniya na yi wa yara. Da tun shekarar farko na je na kira sunansa, kunyar kwana nawa ce? Na riƙe magana har ta wuce amfani."

Baba kuma har ya koma ga Allah yana cewa laifinsa ne, ɗan kirki ba ya bari sai uwarsa ta kira sunansa a gaban mutane kafin ya gane abin da take nufi. Kowannensu ya tafi da nasa nauyin, kuma ba su taɓa zama sun yi maganar da juna ba, don bayan ranar nan ta bakin ruwa ta koma kiransa "wancan" har ƙarshen ranta. A maƙabartar birni aka binne ta, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Ina yaro na ɗauka labarin Mai Tsintsiya labarin wawuya ce da ta hau jinka. Yanzu da furfura ta cika mini kai na ga ba wawa ko mugu ko ɗaya a garinmu. Mutane ne masu tsabta da neman halal, kowa kwando ɗaya yake zubawa da safe, kuma kowa yana ganin nasa kwandon bai isa ya tare kogi ba. Wadda ta hango ƙarshen abin kuwa tarbiyyar da muke alfahari da ita ce ta ɗaure mata harshe. Ba na zagin kunya, da ita aka raine ni, ni ma ban iya kiran sunan ɗana na fari ba. Amma in na ga mahauci ko majemi ya nufi bakin kogi da kwando, ba na yi masa tatsuniya. Tare shi nake yi in gaya masa wanda zai karɓi kayan, in ya ƙi ji in bi shi da faɗa har gida. Sun sa mini suna tsoho mai neman rigima, ban damu ba.

Jikokina duk a birni aka haife su. Wani lokaci sukan tambaye ni ina ne asalin garinmu, in ce musu yana nan kan hanyar Auyo, ba shi da nisa. Ƙaramar cikinsu ta matsa mini in kai ta ta gani, kullum ina ce mata sai an kwana biyu. Na je ni kaɗai shekarun baya, na yi ta zagaya tudun har rana ta yi zafi, ban iya gane inda ƙofar ɗakin Iya take ba.